Sabuwar Hanya a Tabilet ɗin Baba

Shekarun baya, lokacin da na gama makaranta ina zaman jiran aiki a gidanmu na Jibiya, wani abu ya faru da mahaifina wanda har yau ban manta da shi ba. Na san wasunku za su ce matar nan ba ta gajiya da labarin babanta. To, ba na gajiya ɗin, sai ku yi haƙuri da ni.

Mahaifina direban babbar mota ne. Ƙarfinsa duk ya ƙare a jigilar hatsi da dabbobi tsakanin Katsina da Maraɗi. Daga baya ciwon ido ya kama shi, a hankali a hankali har ganin ya tafi gaba ɗaya. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma akwai abin da ya tsana: a yi masa abin da yake ganin zai iya yi da kansa. Ko takalmi ka juya masa sai ya ɓata rai.

Yayana da ke kasuwanci a Maraɗi shi ya kawo masa wata tsohuwar tabilet, aka kunna mata muryar nan da ke karanta wa marasa gani abin da ke kan gilashi. In ka ja yatsa ta faɗi sunan abin da ka taɓa, in ka buga sau biyu ta buɗe shi. Muryar mace ce, da Faransanci take magana, shi kuwa Baba ya daɗe da tsintar Faransancinsa a bakin 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da jandarmomi. Kafin mu ankara ya haddace ta tsaf, har ya raba wa kowane abu sunan gari. In ya ce zai tsaya Daddara, karatun Alƙur'ani zai kunna. Magama rediyo ce. Maraɗi kuwa, can ƙarshen layi, ita ce manhajar saƙon murya, inda suke da zaure, wato rukunin hira, na tsofaffin direbobi na nan da na Nijar.

Zauren nan shi ne rayuwarsa. Kullum ya dawo daga sallar asuba shi ke buɗe musu da sallama, sai su ɓarke da hira: ina aka yi ruwa, wa ke kwance, wa ya taɓa kifar da buhunan gero a kwanar Ɗan Isa ya ce birki ne. A nan kaɗai ne ba a ce masa sannu, zaginsa ake yi yana ramawa.

Rannan sai Maraɗi ta ƙi buɗuwa. Ya buga, muryar ta faɗi wata doguwar magana, ta koma baya. Na ɗauka na kai wa mai gyaran waya a bakin tasha. Ya duba ya ce lafiyarta lau, tsufa ne kawai. Babbar manhajar da ta zo da ita daga kamfani, wadda komai ke tafiya a kanta, an daina sabunta ta, ita kuma manhajar saƙon ta daina aiki da tsofaffi irinta. Hanya biyu ce, in ji shi. Ko a bar ta yadda take, karatu da rediyo su ci gaba, a haƙura da saƙo. Ko kuma ya yi mata filashin, wato ya goge ta asalin ya ɗora wata daban wadda ba ta kamfanin ba.

"Amma in gaya miki gaskiya, Hajiya," ya ce, "komai zai canza wuri, muryar ma ba ita za ki ji ba. Kuma ana yi wa wata ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ko sabuwa kuka saya, tsarin da ya sani ba zai same shi a ciki ba."

Na dawo gida na ce wa Baba matsalar sabis ce. A bakin iyaka wannan magana ba ta wuyar shiga, tunda layin nan da na Nijar kullum cikin kokawa suke. Na ce ya kawo in riƙa tura masa saƙon ta wayata. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, hirar direbobi ba ta kunnenki ba ce." Ya juya ya kunna rediyonsa.

Daga nan muka buɗe majalisa a bayan idonsa. Yayana ta waya yana cewa a goge kawai. Mahaifiyata tana cewa ita dai kar mu kashe masa abinsa. Ni kuwa na shiga intanet na yi ta karance-karance har na zama farfesa a filashin, ni da ko batirin rimot sai na sa shi a juye. Duk abin da na karanta tsoro ya ƙara mini. Na kafe a kan a bar ta. Abin da nake gani shi ne, mutum ya rasa ido, ya rasa mota, abu ɗaya ya rage wanda yake sarrafawa shi kaɗai, sai mu zo mu birkita masa shi? Muna ta wannan ja-in-ja kwanaki suna tafiya, Baba yana ƙara yin shiru.

Wata safiya da hantsi muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi wata irin sallama mai sanyi. Wani tsohon abokin Baba ne, ɗan zauren nasu, ya tsallako tun daga Maraɗi. Ya shigo zauren gidanmu kansa a sunkuye, sai ya ga Baba zaune a kan tabarma yana shan kunu. Ya tsaya cak.

"Kai, ba ka mutu ba?"

Baba ya gane muryar. Ya ce, "In na mutu wa za shi biya ka kuɗin babur?"

Ashe a zaurensu in mutum ya ɗauke ɗif, to ko asibiti ko kushewa. Tabilet ɗin ba ta karɓar kira, babu mai lambar ɗaya daga cikinmu, sannan wani ya ce ya ji an yi jana'izar wani tsohon direba a Jibiya. Shi ne suka wakilto shi ta'aziyya. Tsofaffin nan biyu suka yi dariya har da tari, amma ina kallo baƙon yana share ido da bakin rawaninsa.

Da dariyar ta lafa Baba ya kira ni. "Uwata, sabis ɗin da ke kawo rediyo shi ne ba ya kawo saƙo? Zauna ki gaya mani mi ke faruwa."

Na zauna na zayyana masa komai, har da tsorona. Na ce in aka goge, Daddara da Magama duk za su tashi daga inda ya san su, kuma tana iya mutuwa a hannun mai gyara. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Da idona za shi tahi, ba wanda ya yi shawara da ni. Wanga ko ga shi ana tambayata. Ki kai a goge."

Na ɗauki tabilet ɗin. Na sa hijabi na fita.

A shagon mai gyara na zauna ina ta salati a zuci. Ya kwashe karatun Alƙur'anin a memori, ya jona ta da kwamfuta, gilashin ya yi baƙi ya daɗe a haka. Motoci na ta hon a tasha, ni idona na kan abu ɗaya. Can sai haske ya kawo. Ya sa mata muryar karatu da manhajar saƙon, ya mayar da lambar Baba. Muryar ta namiji ce yanzu, mai kauri, kuma babu abin da ke inda yake a da.

Na kawo ina shirin koyarwa, har na tsara daga inda zan fara. Baba ya karɓa ya shafa ta, ya ce in fita in ja masa ƙofa. Abokinsa ya riga ya shaida wa zaure cewa ya tarar da gawar tana shan kunu, amma Baba ya ce sauran bayani shi zai yi da bakinsa.

Na laɓe a bakin ƙofa. Ina jin muryar tana ta faɗin abubuwa barkatai, ya buɗe kalkuleta, ya buɗe kyamara, ya ɗauki hoton rufin ɗaki ban san adadi ba. Sau da yawa na kai hannu zan tura ƙofar, mahaifiyata ta janyo ni. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban ji tsaki ko ɗaya ba. Magana yake yi shi kaɗai, a natse, irin ta mai tuƙi: "To, an ɗauke Daddara an kai ta gabas. Nan kwana ce. Koma baya." Wani lokaci har dariya yake. Haka ya yi ta yi kwana da kwanaki, in ya gaji ya ajiye ya yi barci, in ya tashi ya ɗora daga inda ya tsaya. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun yana da mota.

Wata asuba ina tsakar gida da buta a hannu, sai na ji muryarsa daga ɗaki, da ƙarfinta irin na da: "Salamu alaikum 'yan hanya. An sauya mani mota, na ɗan yi ɓatan kai, amma ga ni na iso. Kuma ni na tuƙo kaina."

Kafin ya rufe baki saƙonni suka fara shigowa, wannan na kabbara, wancan na zaginsa. Na tsaya a wurin ina hawaye, ruwan butar yana zuba a ƙafata ban sani ba.

Har yau mamakin bai sake ni ba. Mu masu ido mun zauna muna gadin ɗan abin da ya haddace, a zatonmu iyakarsa ke nan, ba abin da zai ƙara shiga kansa. Ashe shi kewar hanyar da bai sani ba yake yi. Ƙauna ce ta sa na so a bar masa tsohuwar, ban musa ba, amma da an bi tawa da ya ƙare kwanakinsa da rediyo shi kaɗai a ɗaki. Baba ya rasu yanzu, Allah Ya jiƙansa. Tun daga lokacin, duk inda na ji ana cewa a bar tsoho da abin da ya saba, ba zai iya sabo ba, bakina ba ya iya shiru. Nakan ce a je a tambaye shi tukuna.