Rinin 'Ya'yan Tarwaɗa

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur suka sa kowa ya koma yadin kanti, ina ajin ƙarshe a jami'a. Mahaifina marini ne a Ƙanƙara. Shuni ya kama hannayensa har gwiwa, ni kuwa, Allah ya yafe mini, kunyarsu nake ji. Ko sau ɗaya ban taɓa gayyatarsa makaranta ba.

Aikin kammala karatuna shi ne rina ƙasusuwan 'ya'yan tarwaɗa, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa. Shuɗi ya kama guringuntsi, ja ya kama ƙashi, sannan a jiƙa su a wani ruwa mai kaifi har naman ya yi garau a hango na ciki. Na taho hutu da kwalabena, masunta suka kamo mini kifin a wani dam wajen Faskari.

Sau uku ina yi, sau uku suna fitowa shuɗi kitif, ba kai ba gindi. Ruwan nan mai kaifi ya ƙare, kifi saura tara. In suka lalace, sai maimaita shekara.

Baba ya tarar da ni a zaure na zabga tagumi. Ya tambayi daɗewar kifin a rini, na ce kwana biyu, don ya kama sosai. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ko buhu ba a yi wa wannan mugunta. Tsomawa ake yi, a ɗaga, a duba, a sake. Sai ya lakato sauran ɗigon ruwan nan mai kaifi da ke gindin kwalba, ya murza a yatsu.

"Wanga ai ruwan toka ne."

Na hau zuba masa Turanci. Bai kula ni ba. Ya tace toka sau uku, yana sirkawa yana murzawa har santsin ya yi masa. Muka gwada da kifi ɗaya, muna tsomawa a rini muna ɗagawa, sannan muka jiƙa shi a ruwan tokar.

A kwana na huɗu naman ya washe. Na miƙa masa gilashin ƙara girma. Ga ƙashin baya ja wur, gaɓa-gaɓa, ga guringuntsin kai shuɗi. Ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Ashe duk wanga boko, rini suka koya maka."

Na ci jarrabawa. Ranar yaye mu na tafi da shi, sai na lura yana ta cusa hannayensa cikin babbar riga. Ashe tuntuni ya san ina jin kunyarsu. Raina ya sosu ƙwarai. Na jawo hannun damansa na miƙa wa malamina, na ce ga wanda ya yi aikin.

Yau an cike ramukan marinarsu, Baba ma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kewarsa nake ji har yanzu. Kifi ɗaya yana nan a 'yar kwalba bisa teburina, launinsa bai dushe ba. Ni da digiri, ban taɓa rina kamarsa ba.