Hannun Yaya A Kan Gwiwata

Shekarar da aka sa mini gwiwar ƙarfe, ba mutuwa nake tsoro ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne a wayi gari sai an ɗauke ni an kai ni bayi, matar ɗana na biye da buta. Ni da na yi rayuwata a tsaye, ina matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli a unguwarmu ta bayan Kusugu, ban taɓa cewa wani miƙo mini ludayi ba. Ciwon gwiwa ya bi ni a hankali har ya zama daga ɗaki zuwa madafi sai na dafa bango. Babban ɗana ya kai ni asibiti a Kano, likita ya ce ƙashin ya cinye, sai an canza. Aka yi aikin, aka sallamo mu da kashedi ɗaya: a tashi, a taka, a riƙa lanƙwasa ƙafar ko da zafi.

Muna isowa Daura muka tarar da Yaya zaune a tsakar gida da ƙullin kayanta. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau kuma Auta take ce mini, ko da jikokina na wurin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, tana zaune a ɗaki guda a gidan 'ya'yan ƙanin mijin a Sandamu. Marigayi mijin nata mai ɗori ne, ta shekara da shekaru tana riƙe masa ƙafafun mutane yana ɗaurewa. Saboda haka a wurinta maganar a rufe take: ƙashin da aka taɓa ba a motsa shi sai ya yi arba'in.

Akwai wata yarinya, ma'aikaciyar gashin ƙashi, da ɗana ya shirya za ta riƙa zuwa gida. Ranar farko ta gaishe ni da ladabi, ta zaunar da ni a bakin gado, ta kama ƙwaurina ta tura baya. Wayyo Allah! Ihun da na yi sai da kajin maƙwabta suka watse. Sai ga Yaya ta faɗo ɗakin da muciya a hannu.

"Ke 'yar nan, ba ki da uwa ne? Ɗinki ko bushewa bai yi ba za ki karya mini ita? Tashi ki ba mu wuri!"

Yarinyar ta so ta yi bayani, ina! Yaya ta raka ta har zaure da faɗa. Ni kuwa, wallahi daɗi na ji. Na koma na kwanta ina sauke numfashi.

'Yan dubiya ma duk bayan Yaya suka bi. Kowace ta shigo sai ta ce, "Kwanta abinki Hajiya, kada ki yarda ki motsa, waɗannan yaran asibiti ba su da tausayi." Da ɗana ya buɗe baki, Yaya ta ce masa ita ta yanke cibiyarsa, ya ja bakinsa ya fita. Haka na mimmiƙe ina shan farfesu da kunun gyaɗa. Yaya ta sa matashi a ƙarƙashin ƙafar, ta hana ko ƙuda sauka a kai. Ita ke yi mini wanka, ita ke kawo fo ta fitar. A gabanta ba na jin kunya, don ta wanke ni tun ban san kaina ba, shi ya sa ban ga abin da ke faruwa da ni ba.

Sai da muka koma Kano ganin likita. Ya kama ƙafar zai lanƙwasa, ta tsaya masa kamar taɓarya. Ya cire tabarau ya dube mu.

"Mama, me kuka yi wa ƙafar nan?"

Yaya ta ce, da alfaharinta, "Ba mu bari ta motsa ba, likita."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi sauƙi. Ya ce naman ciki ya fara kamewa. In ba a tanƙwara ta yanzu ba, haka za ta sandare, ba zama a kujera yadda ya kamata, ba shiga bayi ni kaɗai har ƙarshen rayuwata.

A mota zuciyata ta kawo wuya. Na ce, "Yaya, so kike in ƙare a kan gado kina kwashe mini fo? In kin koma Sandamu wa zai yi? Surukata?" Ta juya fuska wajen taga, har muka wuce Kazaure ba ta juyo ba.

Washegari da hantsi na neme ta na rasa. Ashe hijabinta ta zura, ta yi ta tambaya har ta gano inda yarinyar nan ke aiki. Tsohuwa mai furfura ta tsaya gaban yarinyar da ta yi jika da ita ta ba ta haƙuri. Tare suka dawo. Yaya ta naɗe hannun riga ta ce, "Nuna mini yadda ake yi. Ke ba kullum za ki zo ba, ni kuwa ina nan."

Tun daga ranar na shiga uku. Hannun Yaya hannun daka da surfe ne, in ta riƙe ba ƙwacewa. Safe da yamma za ta zaunar da ni a bakin gado, ta durƙusa a ƙasa, ta kama ƙwaurin ta tura. Fuskarta na kallon bango, tana salati da ƙarfi don kada ta ji ni.

"Yaya za ki kashe ni!"

"Ki mutu ɗin, amma sai ta lanƙwasu."

Har ce mata na yi marar imani. Maƙwabta da suka yabe ta a da suka koma cewa tsohuwar nan ta fi 'yan asibiti mugunta. Wata rana ina tsakiyar ihu na leƙa fuskarta, na ga hawaye na bin haɓarta yana ɗiga a kan zanena. Daga nan na koma cusa bakin mayafi a baki ina cijewa.

Ƙafa ta fara ba da kai kaɗan-kaɗan. Na bar ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka ba ni a asibiti na koma sanda. Ɗana ya sa aka gyara mana bayi aka sa masai na zama. Wata safiya na ɗauki butata da kaina na ratsa tsakar gida. Yaya na zaune tana tsintar wake, ta yi kamar ba ta gan ni ba, amma hannunta ya tsaya cak a cikin faifai. Na shiga, na fito, na yi alwalata ba wanda ya taɓa ni. Har yau a kujera nake salla, goshina bai koma ƙasa ba, amma ranar na yi kukan murna kamar yarinya.

Da azahar na ga Yaya ta wanke kayanta kaf ta shanya. Na gane shirin tafiya take yi.

Na ce, "Haba Yaya, ga ɗaki, ga jikoki. Me kika bari a Sandamu?"

Ta ce, "Jinya na zo, Auta, kin kuwa warke. In na zauna, hannuna ba zai daina miƙa miki abu ba. Na san kaina."

Na roƙa, ɗana ya roƙa, ta kafe. Ranar tafiyar na ce ni zan raka ta bakin titi, fitata ta farko ke nan da ƙafata. Muna cikin lungu na lura ni ke tsayawa ina jiranta. Tana jan ƙafar hagu, tana dafa katangar mutane. Duk durƙuson nan da ta yi a gaban gadona, da nata ciwon gwiwar ta yi shi, ba ta taɓa faɗa ba.

Da ƙyar ta hau motar Sandamu. Na tsaya ina jiran su tashi, sai ta leƙo ta taga.

"Me kike jira? Juya ki tafi, in ga tafiyarki."

Na juya. Na ɗaga sandar daga ƙasa na riƙe ta a hannu, na taka a miƙe iya ƙarfina, ban waiwaya ba don kada ta ga fuskata. Sai da na sha kwanar lungu na jingina da bango na yi kukana.