Na Kashe Mahaifina a Takarda

A lokacin da wannan abu ya faru ni budurwa ce 'yar shekara ashirin da biyar. Na gama bautar ƙasa na dawo Zuru da digiri mai daraja ta ɗaya a fannin aikin gona, kaina kuwa ya kumbura har ɗankwali ba ya zama. Ba zan ɓoye muku ba, ina da ji da kai, ina da baki, kuma tun ina firamare ban saba ganin sunan wani a saman nawa ba. A coci in ana neman mai karatu da Turanci ni ce, a unguwa in takarda ta gagari mutane ni ake aikowa a kira. Na rubuto wa wannan mujalla ne don abin ya daɗe yana cin raina, kuma ya fi mini sauƙi in faɗa wa waɗanda ba su san fuskata ba. Don Allah Edita a sakaya sunana.

Ubanni biyu gare ni. Wanda ya haife ni manomi ne a Manga, gonarsa tana jikin tudu. Mahaifiyata ta rasu ina shekara huɗu, sai ƙanensa soja da matarsa, waɗanda Allah bai ba su ɗiya mace ba, suka roƙa a ba su ni, shi kuma ya ba su. A bariki na tashi, yau wannan gari gobe wancan, kuma da sunan sojan aka sa ni makaranta, shi ne a kan takarduna duka. A wurinmu wannan ba abin magana ba ne, ƙanen uba ai uba ne. Duka biyun Baba nake ce musu, in ana son a bambanta sai a ce Baba na Manga ko Baba soja. Ina aji biyu a jami'a aka aiko cewa Baba soja ya rasu a bakin aiki. Ni da Mama, wato matarsa da ta raine ni, muka kwaso kayanmu muka dawo Zuru. Tun daga nan duk kaka Baba na Manga zai ɗaure buhun dawa a bayan kabu-kabu ya kawo mana da kansa. Ba ya yarda ya shiga ɗaki, wai ƙafarsa ta gona ce, sai ya zauna a bakin ƙofa yana tambayata karatu da Hausarsa mai gargada, don ni yarenmu na C'lela ji kawai nake yi, mayarwa kuwa sai a hankali.

Abin da ban taɓa furtawa ba sai yau shi ne ina jin kunyarsa. Ba ƙin sa nake yi ba, Allah ya sani, amma in ƙawayena sun zo suka tarar da shi zaune da faso a dugadugai, sai in ce baƙo ne daga ƙauye. Abin takaicin kuma, binciken da na yi na kammala digiri, wanda malamai suka yi ta yabo, daga gonarsa na ɗauko shi. Yana da wata dabara ta jera duwatsu a gangare yadda ruwan sama zai wuce ya bar ƙasa a inda take. Hutu guda na yi ina bin bayansa da littafi da biro, yana nuna mini inda ruwa ke bi da inda yake hutawa, yana dariya wai yau duwatsunsa sun shiga boko.

Ana nan sai wata gidauniya ta ba da sanarwar tallafin karatun digiri na biyu ga ɗaliban da suka yi fice. Sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ruwansu da ɗan wane ne kai ko me ke aljihunka, sakamako da bincike kawai za su duba. Fom ɗin da Turanci yake. Da na zo gurbin uba na sa sunan Baba soja, sana'a soja, na kuma nuna cewa ya rasu. Har nan ina da abin kare kaina, tunda sunansa ne a takarduna. Amma akwai wani shafi da aka ce mutum ya ba da tarihinsa a taƙaice, to a nan ne na zuba gishiri har miya ta ɓaci. Na ce ni marainiya ce gaba da baya, ba uwa ba uba. Dabarar duwatsu kuwa na ce a wurin wani tsoho na gan ta a ƙauyenmu. Wani tsoho, haka na rubuta da hannuna. Sai na lallashi kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, Baba ya rasu mana, kuma takarda ce ta Turanci da za ta je Birnin Kebbi ta shige durowa, wa zai ɗauke ta ya kai Manga? So nake in haɗa ƙoƙari da tausayi, don in wannan bai ci ba wancan ya ci.

Aka kira ni ganawa, na je na amsa tambayoyi, bayan 'yan makonni saƙo ya zo cewa ina cikin waɗanda aka zaɓa. Da labari ya kai Manga, yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya ya ce mini ranar Baba bai iya ƙarasa noma ba, gida-gida ya bi yana faɗa. Katin bikin karramawa ya ce kowa ya zo da mutum biyu. Ban san yadda Baba ya ji ba, sai ga shi ranar kasuwa da sabuwar riga a leda, ya karɓo daga wurin tela, yana tambaya wace rana ce tafiyar. Nan fa ido ya raina fata. In na tafi da shi, me zan ce shi ne? Sai na dube shi na ce kujera ɗaya aka ba ni, kuma Mama ce za ta je. Ya ce haka ya dace, ita ta sha wahalata. Ya naɗe ledarsa ya sa a hammata, ya yi mana addu'ar sauka lafiya, ya tafi neman abin hawa.

A wurin bikin aka karanta tarihina kamar yadda na rubuta, aka yi ta tafi, har na ga wata mata tana share ido. Mama tana jin Turancin bariki, ta juyo ta yi mini wani kallo, ni kuwa na kafe idona a kan dandamali. Da aka zo cin abinci, wata jami'ar gidauniyar ta dafa ni ta ce in yi alfahari da kaina, don tun da aka tattara maki sunana ne a sama, kafin ma wani ya buɗe shafin tarihi. Na yi murmushi na gode mata. Ashe ƙaryar ko kwabo ba ta ƙara mini ba. A mota Mama ta tambaye ni wane uban ne aka ce ba ni da shi, na ce mata don Allah ta bar maganar, tsarin Turawa ne kawai.

Ban san gidauniyar ta aika da tarihinmu gidan rediyo ba. Bayan kwana biyu aka sa shi a shirin manoma na Hausa da ake yi da la'asar. Turanci kalma ɗaya gare shi ta uba, amma Hausa tana da baba tana da mahaifi, kuma mai fassara mahaifi ya ɗauka. Yayana ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Wani ya ji an ce za a ambaci 'yar Manga, sai maza suka taru a gindin bishiya bayan an taso daga gona, Baba da kansa ya kawo rediyonsa ya ƙure murya. Aka kira sunana, aka ce ɗiya ce da mahaifinta da mahaifiyarta suka rasu, ta yi ta fama ita kaɗai, ta kuma koyi dabarar tare ƙasa a wurin wani tsoho. Baba ya ɗauki rediyonsa ya shige gida. Washegari wani taubashin Baba ya zo da sassafe ya cire hula, ya durƙusa yana yi masa gaisuwar rasuwar kansa, yana tambaya wa aka bar wa gadon fartanya, kuma me ya sa aka yi jana'iza ba a gayyace shi ba. Kowa ya yi dariya, Baba ma ya yi. Amma yayana ya ce tuwon ranar haka aka ɗauke shi, kuma ranar Lahadi bai je coci ba, alhali shi ya roƙi fasto a yi addu'ar godiya saboda ni.

Da yayana ya kira ni a waya yana faɗa, maimakon in yi laushi sai na hau gardama. Na ce laifin mai fassara ne, na ce mutanen ƙauye ba su san yadda ake cika fom ba, na ce wanda bai taɓa shiga aji ba kada ya koya mini Turanci. Bakina dai bai taɓa rasa amsa ba. Sai da na yi mako uku, ana jibi zan tafi makaranta, sannan na hau kabu-kabu na je Manga. Baba ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka shimfiɗa mini tabarmar baƙi, aka kawo ruwa a kofin baƙi. Da maƙwabci ya leƙo, sai na ji ya ce masa ɗiyar ƙanensa ce ta zo sallama. A da ɗiyata yake cewa, ko a gaban Baba soja. Na fara kame-kame ina bayanin fom, ya ɗaga hannu ya ce ba komai, wanda ya yi raino shi ne uba, shi da hannunsa ya ba da ni, abin da aka bayar kuwa ba a bin sawunsa. Ya ce abu ɗaya kawai yake son ji, ko duwatsun tsohon nan sun yi mini amfani. A nan ya kamata in faɗi ƙasa in kama ƙafarsa. Amma wallahi girman kai ya hana ni, na ce e, an yaba sosai. Na yi sallama na tafi, ina ce wa kaina in na dawo da digiri zan gyara komai a gaban jama'a.

Shekara biyu na yi a wata jami'a a kudu. In na kira yayana na ce a ba Baba, gaisuwa ce kawai, lafiya lau, Allah ya taimaka. Dawa kuwa ba ta fasa zuwa gidan Mama ba. Ni kuma na duƙufa, na roƙi wata 'yar garinmu tana koya mini C'lela, na shirya kalmomin neman gafara na haddace su kamar karatun jarrabawa. A shafin farko na kundin bincikena na rubuta cikakken sunansa, na sa mahaifina a gaba, na ce shi ne malamina na farko. Saura wata biyu in gama aka ce hawan jini ya kayar da shi a gona. Aka ce ya tashi, yana tafiya, yana cin abinci, sai na ce to bari in ƙarasa in zo gaba ɗaya.

Ranar da na dawo ko gidan Mama ban tsaya ba. Na same shi zaune a inuwar rumbu, ya rame amma fuskarsa tana nan. Na durƙusa na buɗe kundin na nuna masa sunansa, na faɗi duk abin da na haddace da yarenmu, ina kuka ina tuntuɓe da kalmomi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ya tambayi yayana ɗiyar wa ce wannan. Yayana ya ce ɗiyarka ce mana. Ya girgiza kai, ya ƙura mini ido, can sai fuskarsa ta washe ya ce ya gane ni, ɗiyar soja ce. Ya kama hannuna da hannayensa biyu ya yi mini ta'aziyyar babana, ya ce in yi haƙuri, mutumin kirki ne, kuma in dawa ta ƙare mana kada in ji nauyin faɗa masa. Sannan ya ce shi ma yana da ɗiya, 'yar ƙarama mai wayo, an tafi da ita bariki, har yanzu ba a dawo da ita ba.

Yanzu ina aiki a nan Zuru, kuma duk Asabar ina Manga. Duk zuwa sai ya yi mini ta'aziyya sabuwa, ni kuma in ce na gode Baba. Likita ya ce ciwon ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ruwansa da abin da na yi. Fasto ya ce Allah mai gafara ne, na kuma gaskata. Na rubuta wa gidauniyar na faɗi gaskiya, ina jiran su ce in dawo da lambar yabon da suka ba ni ko na ji sanyi, sai suka amsa cewa sun gyara tarihin, tallafin kuma da ma ƙoƙarina ne ya ba ni. Kowa ya yafe mini, sai mutum ɗaya da ban samu na roƙa ba lokacin da yake iya ji.

Abin da na koya shi ne, magana in ta fita ba ka da iko da inda za ta sauka, ko da wane yare ka faɗe ta, kuma ƙaryar da ta yi kama da gaskiya ta fi kowace cuta, don ita ce kake iya kwana da ita. Ƙannena masu cika fom ɗin neman tallafin karatu, ku rubuta abin da za ku iya karantawa da ƙarfi a tsakar gidanku. In ubanku manomi ne ku ce manomi ne, in yana raye ku bar shi da ransa. Wanda kuma ya riga ya yi irin tawa, kada ya ce sai ya gama karatu, sai ya shirya kalmomi, sai ya zo da abin nunawa. Ya tashi ya je yau tun ana gane shi. Ni nawa yana nan da rai, yana cin tuwo, yana amsa gaisuwa, yana zaune yana jiran a dawo masa da ɗiyarsa.