Yaya Asabe, jikata ta fara rarrafe, ga kududdufi a bayan gida

Bana shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran yayata Asabe a ƙauyenmu na bakin rafi, kusa da Kafur. Duk shekara nakan soya waina in yi mata sadaka, in yi addu'a, in kama bakina. Bana shirun ya gagara. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa tsoro ne ya kawo ni shafin nan, ba iya rubutu ba.

Yaya ungozoma ce, amma ba da yankan cibi aka fi saninta ba. Da zarar yaro ya fara zama, sai ta zo da hantsi ta saɓa shi a kafaɗa ta nufi rafi, can inda ruwan bai wuce gwiwa ba. Haka za ta yi ta zarya da shi. Kafin a yaye shi, in ya faɗa ruwa ba ya ruɗewa, sai ya juya rigingine, hanci sama, yana jiran a ɗauke shi. Mutane sun yi ta surutu. Wasu suka ce aljanun ruwa take yi wa hidima, wasu suka ce gado ne daga kakarmu Bamagujiya. Ita dai amsarta ɗaya ce, wai yaro a cikin ruwa ya yi wata tara, mu ne muke koya masa tsoronsa.

Sai dai tana da doka, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: uwa ba ta zuwa rafi, kaka ma ba ta zuwa, don a cewarta tsoron uwa nono yake bi. Ranar da ta fara ɗaukar Sagiru, ɗana na fari, na bi ta a ɓoye har gindin wata kanya. Ashe ta gan ni. Ta waiwayo ta ce, "Auta, koma gida. In kika tsaya kina wannan zare ido, ke za ki nutsar da shi, ba rafi ba." Na koma ina sharar hawaye. Haka ta yi wa kowace mace a garin. Mu dai muna ganin yara sun dawo da jiƙaƙƙen kai suna sharar barci, amma babu wadda ta taɓa ganin yadda take riƙe su. Kullum cewa take in ƙafa ta gaza za ta koya wa wata, sai ciwon ajali ya riga ƙafar.

Yau ina zaune a bayan garin Funtua tare da Sagiru da matarsa Rabi da 'yarsu Hanifa. Bayan katangarmu akwai wani ƙaton rami da masu yin tubali suka haƙa suka tafi abinsu. Da damina cika yake yi har bakin katangar, wadda rabinta ma ya zube. Bara ɗan maƙwabciyarmu, yaron da bai daɗe da fara tafiya ba, uwarsa ta juya ta sauke tukunya kawai, ya faɗa ramin. Ina tsaye aka fito da gawarsa. Mun kai kuka inda ya kamata, aka ce za a cike ramin, har yau shara kawai ake zubawa a gefensa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa aka ce. To ni ruwan ne wutar.

Hanifa ta fara rarrafe, kuma wallahi ba rarrafen wasa ba, ƙiftawa da bismilla ta kai zaure. Rabi tana shagon ɗinki, Sagiru yana kan hanya da mota, ni ce da ita yini guda, ga gwiwoyi sun ƙi. Na ce wa Sagiru, tun da shi a ruwa kamar kifi yake, ya koya mata mana. Ya ce, "Inna, ni ban san na koya ba. Na dai buɗe ido na gan ni ina iyo."

Har ƙauye na koma ina bin tsofaffi ɗaki ɗaki. Wannan ta ce ta ji wai Yaya iska take hura wa yaro a fuska. Waccan ta ce a'a, tafin hannu take sa masa a ƙeya. Wata ta ce waƙa take yi masa, amma ba ta san waƙar ba. Duk wai ce, babu ganau. Na dawo na tara ruwa a baho na gwada da abin da na tsinto. Yarinya ta suɓuce mini, ta shaƙi ruwa, ta yi ta tari har idonta ya yi ja. Tun ranar ko wanka aka zo yi mata sai ta ƙanƙame wuyan uwarta. Da muka kai ta asibiti, malamar ta yi mini faɗa sosai, ta ce kada in sake, kuma ko yaro ya saba da ruwa ko bai saba ba, ido ne maganinsa. Gaskiya ta faɗa, Yaya ma ba ta taɓa cewa a bar yaro shi kaɗai ba. Amma idona na tsohuwa ne, kuma gyangyaɗi ba ya sallama.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Rafin da ta sani yanzu rabin shekara yashi ne, ruwa kuma ya biyo mu cikin gari, baƙi ƙirin, ba shi da bakin da yaro zai tsaya. Na san za ta fara da zagin masu tubali, ta gama da ni. Ni ma, Allah Ya yafe mini, wani lokaci haushinta nake ji. Ta kore mu don ta tsare mana 'ya'ya, sai ga shi korar ta bar jikokinmu ba kowa.

Abin da ya rage nata yana nan yana yawo tsakanin Kafur da Malumfashi: magidanta da matan aure da suke ƙetare rafi a cike da kaya a ka, ba su ma san hannun wa ya tallafe su ba. Allah Ya kai mata ladan kabarinta. Amma in akwai wadda ta taɓa laɓewa ta ga abin da ni ban gani ba, don girman Allah ta neme ni kafin ruwa ya sauka.

Kafin nan, ga abin da ni 'yar'uwar Asabe nake yi. Jiya da zan tayar da sallar la'asar, na ɗaure ƙafar Hanifa da gefen zani a jikin turmi, kamar 'yar akuya. Ina cikin raka'a ta biyu na ji turmin ya fara motsi, Hanifa tana jan sa.