Ɗan Takarar Inna

Sana'ata zane. Idan ka taɓa buɗe littafin 'yan firamare ka ga akuya tana leƙen rumbu, ko ka zauna a asibitin ƙauye kana kallon sauron da ya kai girman zakara a jikin bango, mai yiwuwa hannuna ne. Bayan adaidaita sahu kuwa na zana shi a Gumel har na gaji, daga zaki sai jirgin sama. Ni dai na fi son zanen dabbobi, don har yau ba a yi akuyar da ta dawo ta ce in rage mata kunne ba.

'Yan siyasa kuwa sai a hankali. Da zarar an kaɗa gangar zaɓe, katangun gari sun zama nasu, ni kuma na zama ɗan gata. Kowa buƙatarsa ɗaya: a ƙara masa haske, a ciko masa kumatu, a ɗaga masa kai yana kallon sama kamar mai duban watan azumi. Na taɓa tambayar wani me yake hangowa a can, ya ce makomar ƙasa. Na ce to, Allah ya sa ta sauko. Daga mai neman kujerar Abuja har mai neman kansila, in ka rufe sunan da tafin hannu ba ka bambance su. Aikin da ya fi mini sauƙi shi ne na masu sauya sheƙa. Fuska tana nan, murmushi yana nan, alamar jam'iyya kawai zan shafe in ɗora wata. Akwai wata katanga a hanyar Maigatari da kusurwarta ta yi kauri don yawan fentin da na jibga mata, kuma duk na mutum ɗaya ne.

Duk da wannan cika bakin, akwai fuskar da ta gagare ni, ita ce ta mahaifinmu. Ya rasu ina ƙarami, bai bar hoto ko ɗaya ba. An ce in mai hoto ya shigo layinmu, shi sai ya tuna yana da aiki a gona. Da Inna ta ga na fara cin abinci da zane, sai ta roƙe ni in zana mata shi.

"Ba rataye shi zan yi ba," in ji ta. "Ka san ba a ajiye hoton mutum a gidan da ake salla. In gani kawai in mayar maka."

Na yi ta gwadawa a takarda. Ta kwatanta mini hanci, ta kwatanta goshi, in je in dawo. Ga shi idonta ya fara yana, sai ta kai takardar dab da hancinta, ta juya ta, ta ce, "Wannan ai mai goron bakin tasha ne." Wata rana ta miƙo mini takardar tana dariya, ta ce, "Ka zana wa ƙasar nan awaki kaf, ubanka ya gagare ka." Na taya ta dariyar, amma maganar ta yi mini ciwo, don na san so take ta sake ganinsa kafin idon ya tafi gaba ɗaya.

Ana nan sai Yaya ya ce zai tsaya takarar kansila. Yaya shi ne babbanmu, fataucin riɗi yake yi tsakanin Gagarawa Tasha da Maigatari, mutum ne da ko taron suna ba ya iya magana sai ya yi gumi. Abokai suka zuga shi, suka ce mazaɓarmu ba ta da kamarsa, shi kuma ya yarda. Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma ɗaga ido ta kalle shi sosai. In yana tsakar gida tana son ya ci abinci, ni take cewa, "A gaya wa wancan tuwo na hucewa," alhali yana zaune kusa da ita fiye da ni.

Ya same ni a shago da hotonsa a waya. Ya riga ya roƙi katangar mai shayin bakin layinmu, doguwar katangar ƙasa mai kallon titi.

"Ka ga dai yadda kake yi wa manya," ya ce. "Haka nake so. Ka goge tsagar nan, ka rage furfura."

Yaya yana da tsagar gidanmu a kumatu, irin ta mahaifinmu. Ni kafin a haife ni an daina.

"Yaya, in na goge ta wa za a zaɓa? Mutanen Sule Tankarkar ma da ita suke gane ka a kasuwa."

"Masu ba ni shawara sun ce tana sa mutum ya yi kama da ɗan ƙauye."

"Su masu ba ka shawarar daga wane birni suka zo?"

Ya ce in yi aikina in bar surutu.

To, ni ina da yadda nake aiki. Sai na fara zana mutum yadda Allah ya yi shi tsaf, sannan in bi da buroshi in yi masa ƙaryar da ya biya. In ba ka kafa gaskiyar a ƙasa ba, ƙaryar ba ta zama. Na shafe katangar da farar ƙasa, na hau tsani, na fitar da Yaya kamar yadda yake: tsaga, furfurar gemu, da ɗaure girar nan tasa. Kan nan ya kai tsayin mutum. Ban kai ga ɗaga masa ido sama ba, yana kallon duk wanda ya wuce.

Da hantsi ina kan tsani ina haɗa fentin da zan ƙara masa haske sai ga Inna za ta barka gidan ƙanwarta. Ta wuce, ta ja ta tsaya, ta dawo da baya.

"Sauko daga tsanin nan, ka tare mini."

Na sauko. Ta tsallaka titi ta tsaya ƙarƙashin darbejiya, inda idonta yake iya ɗaukar abin gaba ɗaya. Ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake ɗaure gira in ya tarar an taɓa masa buta."

"Inna, Yaya ne fa."

"Wa ya tambaye ka?"

A nan na gane. Shekarun Yaya sun kai na mahaifinmu lokacin da ya bar mu, kamannin sun fito duka. Fuskar da Inna take nema tana cin tuwo a tsakar gidanta kullum, kunya ta hana ta dubawa. Ni kuma da nake taƙama da ido, takarda nake ta kallo.

Da yamma Yaya ya zo ya ga aiki bai ƙaru ba, ya biyo ni gida da faɗa. Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"A gaya wa mai takara," ta ce da ni, "in aka goge tsagar nan, ya nemi ƙuri'a a wani gidan."

Haka aka bar shi. Na rubuta suna, na ɗora alamar jam'iyya, na kwashe kayana. A duk ƙaramar hukumar shi kaɗai ne ɗan takarar da bai kalli sama ba. Mai shayi ya ce tun da aka yi zanen yara suka daina wasa a gindin katangarsa. Wasu suka ce wannan da gani zai yi aiki, wasu suka ce wannan ko gaisuwa ba zai amsa ba in ya hau. Na biyun sun fi yawa. Yaya ya sha ƙasa, ya ce ni na kayar da shi, ya rantse shi da siyasa har abada. Ban musa ba, don na lura mutanenmu suna kukan 'yan siyasa maƙaryata ne, amma in ka nuna musu fuskar gaskiya sai su ce ba ta da fara'a.

Inna kuwa sai ta tsiri fita. Yau dubiya, gobe ta manta abu a gidan ƙanwarta, jibi za ta duba ko an kawo kuka mai kyau. Duk hanyoyin ta gindin darbejiyar nan suke bi. In na hango ta daga shago sai in sunkuyar da kai in ci gaba da akuyata. Har yau ban san wanda take zuwa gani ba, mijinta ko ɗan da ba ta taɓa samun damar ƙare wa kallo ba.

Katangar ƙasa ba ta riƙe fenti. Damina ta farko ta cinye hula da kunne ɗaya, ta biyu ta tafi da rabin fuska, daga nan mai shayi ya sa aka yi masa sabon yaɓe. Na ce wa Inna in sake zana shi a zaurenmu, ta ce gidanta ba za a kori mala'iku ba. Na ce to a waje. Ta ce ba zaɓe ba komai a ga fuskar mutum a titi, ai sai a ce ya taɓu. Ta daina fita, idon kuma yana ta ja baya.

Bana da aka sake kaɗa ganga, muna zaune a tsakar gida mu uku, Yaya yana ba ni labarin yadda riɗi ya faɗi a Maigatari. Inna ta juyo wajena.

"Wai shi wancan ba zai tsaya ba bana?"

Yaya ya yi dariya. "Inna, wancan karon ko a akwatin layinmu ban ci ba."

"Ka gaya masa ni ba maganar ci nake ba."

Dariyar ta tsaya. Yaya ya dubi Inna, ita tana duban tabarma. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya juyo gare ni.

"Gobe zan je wurin mai shayi," ya ce. "Ka yi shi ya fi na da girma, yadda za ta gani."