Taken da Ya Farke Mini Ɗinki

Gwaiwata ta girmi wasu daga cikin 'ya'yana. Shekara tara ina yawo da ita a wando, kowace sallah ina sa tela ya ƙara yadi, wai ni a dole babu wanda ya sani. Ashe a ƙauyenmu, can bayan Zandam, har makaho ya sani. Kara ce ta hana mutane magana, ban da taubashina, ɗan kawuna, wanda ba ya gari ranar da aka raba kara. Shi da ya hango ni sai ya ce, "Sannunku da zuwa, ku biyu."

Ban damu ba, domin a lokacin ina da suna. In mutum ya kira gayya, jama'a suka taru don nome masa gona a yini ɗaya, ni ne a kunyar farko. Makaɗin gangar noma na garinmu yana da take ga duk manomin da ya isa, kiɗan da in an buga kowa ya san da wa ake. Nawa gajere ne, ganga cewa take yi na gaba ba ya waiwaye. In na ji shi, ko loma ce a hannuna sai na ajiye.

A bazarar shekarar da aka ce motoci su koma hannun dama, muna ɗaga jinkar rumbu mu shida, sai abin ya sauko ya ƙi komawa. Da can in na kwanta na danna, yakan shige ciki da ƙugi kamar kwaɗo. Ran nan ya yi tauri, na yi ta amai. Wanzami ya zo da ƙahonsa, ya duba, ya mayar da ƙahon cikin zabira, ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Allah ya jiƙansa, shi da mai ɗakina su kaɗai ne masu hankali a ƙauyen nan.

Aka ɗora ni a kan jaki zuwa Gwaram, daga nan a bayan akori-kura zuwa Birnin Kudu. Direban bai gama yanke shawarar hannun da zai bi ba, saboda haka ya bi tsakiya, kuma bai bar rami ko ɗaya bai gaishe shi ba.

A asibiti aka aske ni a inda aska ba ta taɓa zuwa ba, aka sa mini wata riga mai buɗaɗɗen baya wadda ko mahaukaci ba zai shiga kasuwa da ita ba. Likita ya kifa mini wani abu a hanci ya ce in ƙirga. Ni kuwa na yi rani biyu a ajin yaƙi da jahilci, sai na ga ga ranar amfaninsa, na fara da Turanci. Barci ya kwashe ni a huɗu. Allah ya rufa asiri, domin iyakata biyar.

Da na farka, wando ya yi mini yawa, amma tari ya zama abin tsoro. Kafin in yi shi sai na dafe mara da hannu biyu na yi bisimilla. Kwana goma ina tafiya a duƙe daga gado zuwa ƙofa. Ranar sallama, malamin asibitin da ya cire mini zare ya ce, "Baba, na waje ne ya warke. Akwai wani ɗinkin a ciki da ba ka gani, shi ne mai riƙe da kai. Wa zai karanta maka in na rubuta?"

Na ce masa da malami yake magana. Ya rubuta da Hausa a bayan kati: ban da noma, ban da ɗaukar kaya, wata uku.

Taubashina ne ya fara zuwa dubiya. Tun daga zaure yake cewa, "Barka da sauka lafiya. Mace aka samu ko namiji?"

Na ce, "Da kai ya yi kama, shi ya sa na baro shi can."

"A dama wa mai jego kunun kanwa," ya ce da mai ɗakina. "Kada a bari ta fita kafin arba'in."

Ruwa ya sauka. Ƙanena da muke noma tare ya tafi Kano aikin kwalta, kamar rabin majiya ƙarfin garin a shekarun nan. Maƙwabta suka yi mini shuka, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma ciyawa ba ta san an yi wa mutum aiki ba, cikin mako uku ta fara shanye geron. Sai na kira gayya. Shekara ashirin ina zuwa ta kowa, kuma suka amsa.

Da safen mai ɗakina ta ce, "Malam, zauna a gida. Fura za ta same su a can ko ba ka."

Na ce mai gayya ba ya ɓuya. Da na duba inda nake rataye fartanyata, babu ita, ashe ta ɓoye mini ita. Na yi dariya na nuna mata katin a aljihu.

Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin ɗorawa. Maza suka jeru, makaɗi ya bi bayansu yana buga wa kowa takensa. Da ya gama zagayawa sai ya juyo ya nufo inuwar da nake, ya tsaya a kaina ya buga nawa. Na girgiza kai. Ya sake bugawa, a hankali, kamar mai tashin mutum daga barci. Fartanyoyi suka tsaya, kowa ya ɗago.

"Ku ƙyale mai jego," in ji taubashina. "Saura kwana uku ta yi arba'in."

Aka yi dariya. Na ciro katin na miƙe tsaye na karanta musu, baƙi bayan baƙi, kamar mai karanta wasiƙar hakimi. Wani daga ƙarshen layi ya ce, "Karanta wa ganga, Malam, mu mun ji." Makaɗi ya buga na uku.

Fartanyar taubashina na fizge daga hannunsa. Kunyar farko na riga kowa fita, kuma ba zan yi ƙarya ba, tun da aka haife ni ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba, jiki sakayau babu kayan da na saba ja. A tsakiyar ta biyu na ji wani abu ya ce ɗas a marata, kamar igiyar guga ta tsinke. Na ƙarasa kunyar duk da haka, tun da an ce ba na waiwaye. Suna ta yi mini kirari ina neman inda zan faɗi.

Da aka mayar da ni Birnin Kudu, malamin nan bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi katin ya duba, ya miƙo mini. "Na zaci ka ce ka iya karatu, Baba."

Aka sake yanka. Wannan karon wurin ya yi ruwa, na yi wata guda a gado, likita ya ce naman wajen ya yi rauni, ni da fartanya har abada. Gero ya yi kyau a shekarar, ina zaune aka kawo damman. Taubashina ya zo da zakara, ya zauna ya gaishe ni kamar baƙo, babu wasa ko ɗaya. Da ya zage ni da ya fi. Sauran kuwa cewa suka yi ƙaddara ce, amma ƙaddara ba ta buga ganga sau uku a gabana ba.

Na taɓa tare makaɗin a ƙofar masallaci na tambaye shi abin da na yi masa. Ya ce, "Malam, ta yaya zan buga wa kowa a gonarka in tsallake ka? Ai da ka ce na binne ka da rai." Da gaskiyarsa, domin da na faɗa ɗin.

Da damina ta zagayo, ina zaune a ƙofar gida ina tufkar igiya, sana'ar da ta rage mini, sai na jiyo takena daga gonar wani. Har na kai rabin miƙewa, hannu a mara. Mai ɗakina ta leƙo daga zaure ta ce, "Zauna, Malam. An ba ɗan gidan maƙeri taken tun makon jiya."