Katantanwar da Na Ciro a Antigua

A 'yan shekarun baya ni ma'aikaciya ce a wani ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Al Buteen, cikin tsohuwar Deira ta Dubai. Bakanuwa ce ni, lokacin ban yi aure ba, ga rawar kai ga baki kamar reza. Aikina shi ne in zaunar da alhazai da hajiyoyin da suka gama sayayya a Murshid Bazaar, in yi ta zuba musu labarin wuraren hutu har sai sun ji kamar an cuce su in ba su je ba. Na tallata garuruwa da yawa da ban taɓa takawa ba, ko a jikina. Ina roƙon a sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ko a cikin 'yan uwana ba kowa ya san shi ba.

Wata shekara ofishinmu ya tura mu Antigua, wani ƙaramin tsibiri a tekun Karibiyan, can gefen nahiyar Amurka, don mu gani da idonmu kafin mu fara tallarsa. Gaskiya wurin ya haɗu. Rairayin bakin teku fari sol kamar gishiri, ruwan kuma kana hango ƙafarka a ciki. Akwai tsohuwar tashar jiragen ruwan yaƙin Turawan Ingila da aka mayar wurin shaƙatawa, akwai wani tsauni da ake hawa ranar Lahadi da yamma ana kiɗa da gangunan da aka ƙera daga durom ɗin mai. Tsofaffi na zaune a inuwa suna wani wasa mai ramuka da 'ya'yan itace, sai ka ce 'yan dara a ƙofar gida. Da aka kawo mana abincin gargajiyarsu dariya ta kusa kashe ni, tuwon masara ne aka tuƙa da kuɓewa a ciki, na ce ashe doguwar tafiya na yi don in zo in ci abincin gidanmu. Mai yi mana jagora ya ce ba abin mamaki ba ne, kakanninsu daga yammacin Afirka aka kwaso su a matsayin bayi don noman rake. Da kunne ɗaya na saurare shi, hankalina na kan ɗaukar hoto.

Ranar da za mu taho aka kai mu wata tsohuwar gonar rake. Babu raken yanzu, sai kangaye da wasu dogayen gine-ginen dutse masu kama da rumbu, inda iska ke juya injin matse rake a da. Jagoran yana bayanin yadda injin kan haɗa da hannun mutum in gajiya ta sa ya yi sakaci, ni kuwa tsaraba ce ta dame ni. Mahaifiyata tana Dubai a wurina, ta zo ganin likitan gwiwa, kuma na san halin Hajiya, in na shigo hannu rabbana sai ta shekara tana yi mini tsiya. Shagon wurin kuwa babu komai sai riguna masu rubutu da kwalaben giya. Sai na zagaya bayan ginin ni kaɗai. A cikin ciyawa na ga manyan katantanwar teku an jera su a ƙasa, layi-layi, kowane jeri ya kewaye fili mai tsawon tabarma. Rana ta ƙoɗar da su sun yi fari. Na ɗauka adon shukar furanni ne da aka daina kula da shi. Mu a wurinmu tudun ƙasa da itace da fasasshiyar tukunya muka sani, babu abin da ya faɗo mini a rai. Na ɗauki kaina hoto a gabansu, na zaɓi wadda ta fi girma a saman wani jeri. Ta kafe a ƙasa, sai da na murɗa ta da hannu biyu ta fito. Rana tsaka ce, amma da na taɓa ramin da ta bari sai na ji shi da sanyi kamar gindin randa. Na kakkaɓe ta na jefa a jaka.

Hajiya mace ce mai barkwanci, mai son shayi da sukari har sai cokali ya kusa tsayawa. Da na ba ta tsarabar ta juya ta, ta ce wato duk faɗin ƙasar Turawa gidan dodon koɗi kawai na samo mata. Na ce ta kara a kunne za ta ji ƙugin teku. Ta kara tana dariya. Ina kallonta dariyar ta ɗauke a hankali, ta gyara zama, ta ja mayafinta ta rufe kai, sannan ta amsa sallama ƙasa-ƙasa, cikakkiya har da wabarakatuhu. Ta ɗago ta tambaye ni su wane ne. Na ce Hajiya ke dai ba ki rabo da wasa, na shige wanka.

Daga ranar kullum bayan azahar sai ta ɗauko ta. In na dawo cin abincin rana sai in tarar ta kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ƙara ta dame ta, gidan ya yi tsit, zufa na zuba mata, tana gyaɗa kai kamar mai sauraron baƙo. Ta daina shan sukari, ta ce gishiri-gishiri take ji a cikinsa. Ta fara shimfiɗa darduma a falo tana ajiye kofin ruwa a kai. Da na matsa mata, ta ce suna da yawa, maza da mata, wasu ba ta jin yarensu, amma akwai masu wata irin tsohuwar Hausa da rabon da ta ji ta tun bakin kakarta. Ta ce ba su neman komai. Tambaya kawai suke ko damina ta sauka a gida, ko gero ya nuna, ko hanyar da nisa. Kuma sun ce sun daɗe suna sallama ba wanda ya amsa. Rannan na karɓa na kara a kunnena don in nuna mata ba komai. Ƙugin iska na ji, shi ke nan. Amma a bayan ƙugin akwai wani shiru irin na wanda ya ɗaga waya yana jira ka fara magana. Na ajiye ta da sauri. Likita ya duba ta ya ce wataƙila ciwon mantuwa ne ya fara, baƙon wuri kan tayar da shi. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu don ita ta fi mini sauƙi.

Wata rana ina ofis wani ɗan Ghana, ɗan zango mai jin Hausa da ke aiki a shagon kusa da gidanmu, ya kira ni ya ce in zo bakin ruwan da ya ratsa Dubai maza-maza. Na tarar da Hajiya, wadda ko bene ba ta iya hawa sai an riƙe ta, ta tako har tashar kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane. Rana na dukan ta, katantanwar na naɗe a mayafinta, tana tambayar matuƙan da Hausa wane jirgi ne mai zuwa gida, su kuma suna ta ce mata yalla mama, yalla, wato ta yi sauri. Ƙafarta ɗaya har ta sauka matakalar da ruwa ke lasa. Da na riƙo ta ba ta yi gardama ba. Ta ce rakiya ta yi musu, ai ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. A tasi na yi kuka kamar raina zai fita.

A cikin makon wata mata 'yar Antigua, wakiliyar wani otal na can, ta zo ofishinmu. Ina nuna mata hotunan tafiyarmu don in faranta mata, muka zo kan wanda na ɗauka a bayan ginin dutsen. Ta ƙara girman hoton, ta tambaye ni ko na taɓa wani abu a wurin. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce kaburbura ne, na mutanen da ba a ga sun isa a sa musu dutse mai suna ba. Kakarta ta gaya mata cewa teku ne ya kawo su, shi ya sa ake sa musu abin teku, ko sa gane hanyar komawa. Ta ce ita 'yar coci ce, ba ta san gaibu ba, amma ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta zauna gida ɗaya da abin nan ba. Daga nan na nufi wurin wani malami. Malamin bai tsaya zancen aljanu ba, ya ce haƙƙin mamaci ne na ɗauko, in mayar, in nemi gafara, in yi musu addu'a in akwai Musulmi a cikinsu. Matar ta yarda za ta kai da hannunta in za ta koma.

A nan na tafka kuskuren da ya fi na farko ciwo. Tsoro ya hana ni yi wa Hajiya bayani. Na bari ta shiga alwala, na sace katantanwar daga kan dardumarta na kai wa matar. Da na dawo na same ta zaune a wurin, hannuwanta a cinya. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni a hankali ko haka ta rene ni, in kori baƙi ana tsakiyar magana, ba sallama ba bankwana. Ta ce sunayensu suke faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su gama ba. Daga baya matar ta turo mini hoto, ta mayar da ita raminta. Na ɗauka shi ke nan Hajiya za ta dawo daidai. Ba ta dawo ba.

Yanzu tana Kano wurin yayata, ni ma na bar aikin na dawo gida. Likitoci na nan kan bakansu cewa ciwon mantuwa ne, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ne, Allah shi ne masani. Abin da na sani shi ne an tsaya a gabana an gaya mini abin da aka yi wa mutane a tsibirin, ni kuwa ina neman inda hoto zai fi kyau. Don Allah masu zuwa yawon buɗe ido, wurin da kuke gani a hoton talla wasu sun mutu a cikinsa da kewar gida. Ku saurari mai yi muku bayani, ku tambaya kafin ku taka, kada son kai tsaraba ya sa ku ɗauki abin da ba a ba ku ba. In kuma kun yi ɓarna, kada ku gyara ta a ɓoye a bayan wanda abin ya shafa. Hajiya ta manta sunana. Bayan kowace salla tana jero wasu sunaye da babu su a danginmu, ta tsaya cak a wuri guda kullum. In na shiga ɗakinta da sallama ba ta saurin amsawa, sai ta leƙa bayana tukuna, ta tambaye ni ko tare muke da su.